Ra'ayinmu: Kada Mai Talla Ya Zaɓa Mana Wasa

Ba abin ɓoyewa ba ne cewa wasan bidiyo ya zauna da gindinsa a ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen matasan ma'aikata. Wanda ba shi da kwamfuta yana da waya, wanda ba shi da waya mai ƙarfi kuwa yana da abokin da zai ara masa. Saboda haka gardamar ko a yi ko kada a yi ta riga ta zama tsohon zance. Abin da ya rage a tambaya shi ne, wane wasa muke yi, kuma wa ya zaɓa mana shi? Idan mutum ya zaga ɗaki goma, da ƙyar zai tarar da abin da ya wuce iri biyu, wato na ƙwallon ƙafa da na harbe-harbe, waɗanda manyan kamfanoni ke sake wa riga kowace shekara su sake sayar mana. Ba don sun fi sauran kyau muka tsaya a kansu ba, sai don su ne masu kuɗin talla, kuma su kaɗai muka ji labarinsu. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, ɗalibin da aka koya wa bincike a aji bai kamata ya bar mai talla ya riƙa yi masa zaɓi a wajen hutawarsa ba.

Akwai wani rukuni na wasanni da ake kira na masu cin gashin kansu. Su ne waɗanda mutum ɗaya ko wasu 'yan tsiraru suka ƙirƙira da dabararsu da ɗan abin da ke aljihunsu, ba tare da wani babban kamfani yana tsaye a kansu yana faɗa musu abin da kasuwa ke so ba. Da yake ba su da masu hannun jari da za su ji tsoro, sukan gwada abin da manya ba sa kuskurawa. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Stardew Valley, wasan noma da zaman ƙauye wanda Eric Barone ya shafe fiye da shekara huɗu yana yi shi kaɗai, tun daga zane har kiɗa, ya fitar a 2016, daga baya aka sayi kwafinsa fiye da miliyan 40.

To, amma ba kowa ke dacewa irin wannan ba, kuma dalilin a fili yake. Tun 2017 kasuwar Steam, wadda ita ce babbar kasuwar wasannin kwamfuta a intanet, ta buɗe ƙofa ga duk wanda zai biya dala 100 ya kasa hajarsa. Wannan ya zama alheri, ya kuma zama ambaliya. A shekarar 2024 kaɗai an fitar da wasanni fiye da 18,000 a wannan kasuwa, wato kimanin hamsin ke nan a kowace rana ta Allah. A cikinsu akwai tarkace mai yawa, akwai kuma zinariya, amma dukkansu a tsibi ɗaya aka zuba su. Bugu da ƙari, kasuwar ba ta nuna makin da jama'a suka ba wasa sai mutum goma da suka saya sun rubuta shaidarsu a kansa, alhali kuwa ɗimbin wasanni sukan daɗe ba su sami ko goman ba. Labarin Among Us ya isa ishara. An fitar da shi a 2018, ya yi shekara biyu a kwance ba mai waiwayarsa sai 'yan kaɗan, sai a 2020 da wasu masu nuna wasa kai tsaye a intanet suka ɗauke shi, sannan duniya ta ruɗe a kansa. Wasan da aka raina a 2018 shi ne dai aka yi rububinsa a 2020, abin da ya ƙaru kawai shi ne bakin da ya faɗa wa wani baki.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu gabatar wa mai karatu kaɗan daga cikin waɗanda suka fito a 'yan shekarun nan, tare da faɗin daɗinsu da kuma wahalarsu.

Na farko shi ne Animal Well, wanda Billy Basso, wani Ba'amurke, ya yi shekara bakwai yana ginawa kafin ya fito a watan Mayun 2024. Mai wasa yana cikin wata rijiya mai duhu da lunguna, cike da dabbobi, ba takobi ba bindiga, sai ƙananan kayan wasan yara da zai yi dabara da su ya buɗe hanya. Ba a yi masa bayanin kome, da lura da haƙuri zai gano asirin wurin. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne girmansa bai kai megabait 40 ba, a zamanin da wasu manyan wasanni ke wuce gigabait 100. Ɗalibin da ke ƙirga data kamar yadda yake ƙirga kuɗin abinci ya san bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu.

Na biyu shi ne Blue Prince, na Tonda Ros, wanda ya fito a Afrilun 2025 bayan aikin shekara takwas. Wani yaro ne aka bar wa gadon gida mai ɗaki 45, bisa sharaɗin sai ya gano ɗaki na 46. Duk ƙofar da ya buɗe, za a ba shi zaɓin ɗaki ɗaya cikin uku, kuma idan gari ya waye fasalin gidan ya rushe, sai a sake sabon lale. Abin da ke ɗorewa shi ne abin da mai wasa ya fahimta ya rubuta, don haka sai da littafi da alƙalami a gefe. Amma a sani, yawancin ka-cici-ka-cicinsa an gina su ne a kan wasa da kalmomin Turanci, wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wuya.

Na uku, Venba, ya fito a 2023 daga wani ƙaramin kamfani da ke Toronto. Labarin wata mata ce 'yar ƙabilar Tamil ta kudancin Indiya da ta yi ƙaura zuwa Kanada tare da mijinta, labarin ya fara a 1988. Aikin mai wasa shi ne ya taya ta girki daga wani tsohon littafin girke-girken mahaifiyarta da rubutunsa ya goge a wurare da dama. Ana cikin girkin ne ake kallon ɗansu yana girma, yana jin kunyar abincin gidansu a makaranta, harshen iyayensa yana zame masa sannu a hankali. Cikin awa biyu an gama shi. Duk wanda ke da ɗan'uwa da ya haifi 'ya'ya a wata ƙasa, ya ga sun zo hutu ba sa iya gaida kakarsu da Hausa, ba ya bukatar a fassara masa abin da wasan ke faɗa.

Na huɗu shi ne Hollow Knight: Silksong, na wasu mutum uku a birnin Adelaide na Ostareliya. An yi shelarsa a 2019, jama'a suka yi ta jira har 4 ga Satumban 2025, ranar da cunkoson masu saye ya sa Steam da wasu kasuwanni suka tsaya cik na ɗan lokaci. Dala 20 suka sa masa, a shekarar da ake sayar da manyan wasanni dala 70, wani ma 80. Zanensa na hannu ne, ƙasarsa faɗi gare ta, amma yana da tsananin wuya, kuma yana cin sa'o'i masu yawa. Ba wasan da za a fara ana saura mako biyu jarrabawa ba ne.

Ga masu waya kuwa akwai Vampire Survivors na Luca Galante, wanda ake saukewa kyauta a waya, wanda kuma ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a 2023 a gaban wasannin da aka kashe wa miliyoyi. Akwai kuma Balatro, na wani mutumin Kanada da ya ɓoye sunansa yake amfani da laƙabin LocalThunk. Ya fito a Fabrairun 2024, zuwa Janairun 2025 an sayi kwafi miliyan 5. Wasan lissafi ne da dabara, amma da katunan karta aka gina shi. Ba a zuba kuɗi a cikinsa, ba a kuma cin na kowa, duk da haka hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa shi a rukunin 'yan shekara 18, sai a 2025 ta mayar da shi na 'yan 12 bayan an ɗaukaka ƙara. Mun faɗi wannan ne domin wanda zuciyarsa ba ta natsu da ganin karta ba ya sani tun kafin ya saya. Sai dai yana da kyau a lura, caca ta fi kusa da waɗancan manyan wasannin ƙwallo, inda ake sayar wa yaro ƙunshin 'yan wasa a rufe da kuɗi na gaske, bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe.

Yaya mutum zai nemo irin waɗannan da kansa? Hanyoyin ba masu tsada ba ne. Sau uku a shekara, a Fabrairu da Yuni da Oktoba, Steam takan yi bikin mako guda mai suna Next Fest, inda ake ba da ɗanɗanon ɗaruruwan wasannin da ba su fito ba, kyauta. Akwai kuma shafin itch.io, wanda aka kafa a 2013, inda ƙananan masu ƙirƙira ke kasa aikinsu, da yawa kyauta, wasu kuma mai saye ne ke yanka abin da zai iya biya. Wanda ya saya a Steam ya ga ba abin da ya zata ba ne, yana da damar a mayar masa da kuɗinsa muddin bai wuce kwana 14 ba kuma bai yi wasan awa biyu ba. Kuma a riƙa karanta shaidar waɗanda suka kushe wasa kamar yadda ake karanta ta masu yabo, domin sau da yawa mai kushe ya fi faɗin abin da mai saye ke bukatar ji. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Amma nema rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne faɗa wa wani, kuma nan ne amana ta shigo. Wanda zai ce wa abokinsa ya sayi wasa, a lokacin da farashin dala ya san yadda yake gasa mai naira, wajibi ne ya zama ya taɓa wasan da hannunsa. Ya faɗi kuɗinsa, da girmansa, da irin na'urar da ke ɗaukarsa, da ko yana bukatar intanet kullum, da yawan lokacin da yake ci, da abin da ke cikinsa wanda zai iya saɓa wa tarbiyyar mai saye. Cewa "wallahi ya haɗu" ba shaida ba ce. Mun saba a aji cewa ba a karɓar magana sai da hujja, to bai dace mu ajiye wannan ɗabi'a a ƙofar aji ba.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba za mu tsallake ba, ita ce ta kwafin sata da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Mun san uzurin da ake bayarwa, mun kuma san halin aljihun ɗalibi. Amma a tuna, daga abin da ƙaramin mai ƙirƙira ya sayar a Steam, kasuwa takan cire kashi 30 cikin 100, ragowar ita ce abincinsa da kuɗin aikinsa na gaba. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayon Birtaniya mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: ZAU a Afrilun 2024, wasan da ya gina a kan tatsuniyoyin Bantu da kuma jimamin rasuwar mahaifinsa, har da muryoyi cikin Swahili. An yaba masa, amma kafin shekarar ta ƙare sai da kamfaninsa ya sallami ma'aikata. Yabo ba ya biyan albashi. A maƙwabciyarmu Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun yi fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari kafin su fitar da Aurion a 2016. Idan muna kukan cewa ba a ganin Afirka a wasanni sai a matsayin dajin da ake harbi a cikinsa, to waɗanda suka tashi gyara wannan su ne suka fi cancanta da kuɗinmu. Wanda ba shi da hali ya jira lokacin rangwame, ko su haɗa kuɗi su saya a kwamfuta ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, ko ya tsaya ga na kyauta, waɗanda ba su da iyaka.

Wataƙila wani malami ko wani babban yaya zai ce mujallar ɗalibai ta rasa abin rubutawa sai wasa. Amsarmu ita ce, sa'o'in da matasa ke kashewa a gaban allo ba kaɗan ba ne, kuma ko mun yi magana ko mun yi shiru za a kashe su. Gara a kashe su a kan abin da zai wasa ƙwaƙwalwa, ya nuna wa mutum rayuwar wasu al'ummu, ya kuma ƙare a bar shi ya koma ga littafinsa, da a kashe su a kan abin da aka tsara musamman don kada ya ƙare, kullum yana neman ƙarin kuɗi. Bayan haka, ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko na zane ko na adabi da ya ga abin da mutum ɗaya ya yi a ɗakinsa, ba mamaki ya tambayi kansa me zai hana shi gwadawa, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ga tarihin fatake da ayari, ga dara da langa, duk suna jiran mai dabara.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da tsofaffin ɗalibai da ke bakin aiki, duk wanda ya gano wani ƙaramin wasa mai kyau ya rubuto mana a taƙaice, bisa sharuɗɗan da muka zayyana a sama, za mu buga wanda ya cika su a fitowa ta gaba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma sai an sami mai gaskiyar da zai nuna inda nagarin yake. Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya kuma sa hutawarmu ta zama mai amfani.