Rumfar haya a baje-kolin Dubai

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kama rumfa a baje-koli ya san cewa kaya su ke kiran mai saye. Atamfa a shafa ta, shinkafa a dumbuza a duba. To, ƙasar da aka gayyata ta zo ta baje makamashin da ba ya ƙarewa, wato rana da iska da ruwa, mi za ta ɗora bisa teburi? Wutar lantarki ba ta ganuwa, kuma babu mai shan zafin layi don ya kalli allon hasken rana. Wannan ita ce matsalar da ke gaban masu zanen rumfunan ƙasashe a manyan baje-kolin duniya.

Ƙasar Kazakistan ta nemi mafita ta hanyar girma. A shekarar 2017, da ta karɓi baƙuncin baje-kolin makamashin gobe a birnin Astana, ta gina Nur Alem, gini mai siffar ƙwallo, faɗinsa mita 80, hawa 8, kusan kowane hawa da irin makamashin da yake bayani a kai. Abin kallo ne ƙwarai. Sai dai a daidai lokacin, mafi yawan wutar da ƙasar ke sha daga gawayin ƙasa ake samo ta, don haka buri kawai ginin ya nuna.

Holan ta bi wata hanya dabam a baje-kolin Dubai, wanda annobar korona ta sa aka ɗage shi zuwa watan Oktoba na 2021, kuma ƙasashe 192 suka halarta. Masu zanen rumfarta, kamfanin V8 Architects na birnin Rotadam, sun fara ne da tambayar da aka saba barinta sai ƙarshe: ina ginin zai nufa bayan wata shida? Amsar da suka bayar ta ƴan kasuwa ce. Maimakon su yi dakon kaya daga Turai, sai suka yi hayar manyan faifan ƙarfe da bututu, irin waɗanda ake kafawa wajen ginin tashar jiragen ruwa, suka tayar da bango da su, da sharaɗin za a mayar wa masu su. Ƙarfen ko fenti bai samu ba, tsatsarsa a fili, a tsakiyar maƙwabta masu walƙiya. Ƙasa mai arziki ta yarda ta fito bainar jama'a da kayan aro. Ba kowace gwamnati za ta jure wannan ba.

A cikin rumfar suka tayar da wani tudu mai tsini kamar murfin rumbu, tsawonsa wajen mita 18, jikinsa lulluɓe da tsirran da ake ci, a cikinsa kuma, inda ke da duhu da danshi, naman kaza na tsira. A rufin akwai allunan hasken rana sirara masu launi, aikin Marjan van Aubel, waɗanda ke tara wuta, su kuma bar haske ya ratsa zuwa ga tsirran. Da wutar rana wata na'ura ke tatso ruwa daga iskar hamada. Mai ziyara kan karɓi farar lema, a haska masa bayani a jikinta, daga nan sai ya ga ruwa na zubowa daga sama a cikin ginin. Gani ya kori ji.

Amma kada mai karatu ya ruɗu. Abin da na'urar ke iya tatsowa a yini an ƙiyasta shi da wajen lita 800, wato bido 32 na lita 25. Ɗan ga-ruwa mai himma ba zai yi mamakin wannan ba. Rumfar ba ta warware ƙishirwar kowa ba. Darajarta ita ce abin da ta faɗa da baki ta aikata shi a gaban jama'a, cikin zafin Dubai, har ma'aikacin da aka turo daga wata ƙasa yana iya tsayawa ya yi lissafin kansa, ya ga ko abin zai karɓu a garinsu.

Ranar 31 ga watan Maris na 2022 aka rufe baje-kolin. Aka kwance rumfar Holan, ƙarafunan suka koma hannun masu su domin wasu ayyukan gini.