Littafin Takarda Ko Littafin Na'ura: Wanne Ya Fi Mana?

   

A wannan wata za mu yi magana a kan karatu. Da yawa cikinmu sun shiga makarantar yaƙi da jahilci, sun fito. Sun iya haɗa baƙaƙe, sun iya rubuta sunansu, sun iya lissafi. To amma karatu kamar hauya ya ke: in aka jingine ta, sai ta yi tsatsa. Wanda ya gama makaranta bai samu abin karantawa ba, sannu a hankali sai baƙaƙen su ɓace masa, wahalar da ya sha ta tashi a banza. Saboda haka dole mu riƙa karatu kullum. Amma a cikin me? A takarda, ko a na'ura?

Mene ne littafin na'ura?

Wata na'ura ce ƴar fale-fale, ba ta kai girman allon almajiri ba. A na zuba littattafai a cikinta, har fiye da dubu, mutum ya riƙe ta da hannu guda. Wadda ta fi suna ita ce Kindle, ta kamfanin Amazon na ƙasar Amurka. Ta fara fitowa a shekara ta 2007, a na sayar da ita dala 399. Dalar Amurka mu ke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Yanzu kuɗinta ya sauka, amma har yau ba abin da talaka zai saya da sauƙi ba ne.

Fuskarta ba irin ta wayar salula ba ce. Akwai ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare a ciki, su ne ke jeruwa su zama rubutu. Ba ta cin wuta sosai sai lokacin da aka juya shafi. Shi ya sa caji guda ya kan yi makonni, kuma a na iya karatu da ita ko cikin rana tsaka. Wani amfaninta kuma: a na iya ƙara girman baƙaƙe. Dattijo mai raunin ido da sabon mai karatu duk za su ji daɗin haka.

Amma mu faɗi gaskiya. A karkararmu da wuya ka ga mai wannan na'ura. Abin da ke aljihunmu waya ce. Ke nan a wurinmu maganar ita ce: takarda ko waya?

Abin da waya ta iya

Kada mu rena waya. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. Ƙungiyar CRS ce ta riƙe makarantun manya, masana kuma su na bin sawu. A wasu ƙauyuka an koya wa ɗalibai karatu da lissafi kawai. A wasu kuma an ƙara koya musu rubuta saƙo a waya. Da aka yi jarrabawa, masu waya sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalili a fili ya ke: sun samu abin da za su yi da karatunsu kowace rana. Wannan ya na rubuta wa ɗansa da ya tafi cin rani, wancan ya na tambayar farashin hatsi.

Makiyayi ma da ke bin dabbobi arewa da damana ba zai ɗauki akwatin littattafai ba. Waya kuwa ta na cikin aljihu.

Inda waya da na'ura su ke gazawa

Na farko, wuta. Yawancin ƙauyukanmu ba su da lantarki. Wanda ba shi da faifan hasken rana sai ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya. Ranar da wuta ta ƙare, karatu ya tsaya. Ga ƙura, ga zafi, ga faɗuwa. In fuskar ta fashe, ko ɓarawo ya ɗauke, duk abin da ke ciki ya na iya tafiya lokaci guda.

Na biyu, harshe. Yawancin littattafan da a ke sayarwa a waɗannan na'urori da Turanci su ke ko Faransanci. Na Hausa ba su da yawa. Rubutun Hausa da ke yawo a waya kuma, sau da yawa babu lanƙwasa. Mun koya a makaranta cewa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ baƙaƙe ne masu zaman kansu. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Gwanin karatu ya kan gane ko babu lanƙwasa. Sabon mai karatu kuwa sai ya rikice, ko ya saba da rubutu marar kyau.

Na uku, mallaka. Littafin da ka saya a na'ura ba ya zama naka kamar akuyar da ka saya a kasuwa. Izinin karantawa kawai aka sayar maka. A shekara ta 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafai daga na'urorin mutanen da su ka biya kuɗi, sa'annan ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na irin waɗannan littattafai, su ka daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi. Kuɗi sun dawo, littafi ya tafi.

Na huɗu, hankali. Ka na cikin karatu a waya sai kira ya shigo, sai saƙo, sai hoto. A shekara ta 2018 masana a ƙasar Sifen sun tattara gwaje-gwaje 54 da aka yi a kan mutane fiye da 170,000. Sun gano cewa in rubutu na bayani ne, wato na koyon wani abu, mutane sun fi fahimtarsa a takarda. In labari ne na nishaɗi, bambancin ba shi da yawa. Ƙasar Suwidin ma, wadda ta cika makarantunta da na'urori, a 2023 ta yanke shawarar ƙara sayen littattafan takarda domin yara.

Takarda fa?

Takarda ba ta neman caji. A na karanta ta a gindin bishiya, mutum guda ya na karantawa goma su na saurare. A na ba maƙwabci aro. A na sa yatsa a ƙarƙashin layi, a na komawa baya, a na yin alama da fensir. Dubi Magana Jari Ce na Abubakar Imam: tun ƙarshen shekarun 1930 aka buga shi, har yau jikoki su na karanta shi.

Amma ita ma ta na da abokan gaba: gara, ɓera, ruwan sama da akuya. Kuma mai sayar da littattafan Hausa ya na nesa da mu, sai an je birni.

Shawararmu

A ganinmu, sabon mai karatu ya riƙe takarda ta zama uwa, waya ta zama mataimakiya.

1. Kada wani ya sayar da hatsin rumbu ko tunkiya domin ya sayi na'urar karatu. Ciki da iyali su ne gaba.

2. Duk abin da kuskure a cikinsa zai jawo hasara, a ajiye shi a takarda: awon taki, awon maganin dabbobi da malamin dabbobi ya faɗa, lissafin ƙungiya, bashi da shaidar gona.

3. Mai waya ya riƙa rubuta saƙo da hannunsa, ko layi guda ne a rana, maimakon aika murya kullum.

4. A ajiye littattafai da jaridu cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa dutse nesa da bango, a sa busasshen ganyen dogon yaro a ciki saboda ƙwari.

5. Ƴan makaranta guda su haɗa kuɗi bayan kaka. In wani zai je Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya sayo littafi biyu ko uku, a riƙa karɓa-karɓa. Mata ma a ba su nasu rabo, kada akwati ya tsaya a zauren maza.

Jama'a, a ƙauyenku da me ku ke karatu? Ku rubuto mana da hannunku, mu buga domin wasu su ƙaru. In kun gama da wannan jarida, ku miƙa wa na kusa da ku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.