Bari Miji da Mata Su Ci a Kwano Ɗaya Ranar Tunawa da Aure



Akwai wata magana da take yawo a tsakaninmu a 'yan shekarun nan. Ba a cika kawo ta gaban taron dattawa ba, amma ana yin ta a ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada. Maganar ita ce ta ma'aurata, galibinsu matasa, waɗanda in ranar aurensu ta zagayo sukan bar yara a gida, su ci ado, su tafi wani gidan cin abinci a Nasarawa ko Bompai, inda ake kunna kyandir a kan tebur, a kawo masu fiza da taliya irin ta Italiya, su zauna su biyu har dare ya fara yi. Waɗansu iyayenmu suna ganin wannan ɓarnar kuɗi ce da kwaikwayon Turawa, har ma da ƙarancin kunya. Waɗansu matasa kuma suna ganin duk mijin da bai yi haka ba, ƙaunarsa ta yi sanyi. Namu ra'ayin shi ne, zaman miji da mata su kaɗai a kan abinci, ko da sau ɗaya ne a shekara, abu ne da ya kamata ekklesiya ta goyi bayansa, ta kuma taimaka a yi shi ba tare da an ci bashi ba.

Taliya ba baƙuwa ba ce a Kano

Mu fara da zancen kwaikwayon Turawa. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san unguwar Dandalin Turawa, ba nisa da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Turawan da unguwar ta ci sunansu Larabawa ne fatake daga Tarabulus da Gadamus, a ƙasar da ake kira Libiya yanzu, domin a da da wannan suna Kanawa suke kiransu. Sa'ad da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da su zaune a birnin suna kasuwancinsu. Su ake danganta wa yawancin abincin alkama na cikin birni, kamar gurasa da alkaki da alkubus da taliya. Mutane da yawa ma suna cewa kalmar taliya daga sunan Italiya ta fito, ga shi kuwa teku ce kawai ta raba Tarabulus da Italiya.

Har yau mata a lungunan birni suna murza taliya da ɗan injin hannu, su shanya ta a kan igiya, a dafa a ci da manja da yaji. Ko da yake mafi yawanmu a wajen ganuwa muke zaune, a Sabon Gari da Brigade da Badawa da sauran unguwanni, wane ne a cikinmu bai taɓa cin taliya 'yar murji ko gurasar Jakara ba? Idan muka duba farantin da ake kawowa a gidan abincin Italiya, abin da ke ciki alkama ce da tumatir da tafarnuwa da mai, sai cuku da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Alkama da tumatir kuwa a nan Kadawa da Kura ake noma su da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Su kansu Italiyawa ba su san tumatir ba sai a ƙarni na 16, da aka kawo shi daga nahiyar Amurka. Fiza kuma asalinta abincin talakawan birnin Napoli ne, kafin ta yi suna har hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa ta a jerin al'adun duniya a 2017. Saboda haka babu abin da zai firgita dattijo a cikin farantin nan, kuma babu abin da zai sa saurayi ɗaga kai.

Me ake saya a wannan tebur?

To, idan kayan abincin namu ne na gida, don me mutum zai biya kuɗi mai yawa haka? Amsar ita ce lokaci yake saya, da wurin zama inda babu mai katse masa magana. Bisa al'adar Italiyawa ba a jibge abinci gaba ɗaya. Akan fara da ɗan abin taɓawa, sa'an nan taliya ko shinkafa, bayanta nama ko kifi, a rufe da kayan zaƙi da gahawa. Tsakanin wannan faranti da wancan akwai jira, kuma a cikin jiran nan ne ake hira. Suna ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai, har a 1986, da kamfanin McDonald's ya buɗe shagon abincin gaggawa a tsakiyar birnin Roma, wani ɗan jarida mai suna Carlo Petrini da abokansa suka tashi suka nuna ƙin yarda, daga nan aka haifi ƙungiyar da ke kira ga mutane su ci abinci a natse.

Mu gwada wannan da yadda muke ci a gidajenmu. A gidan Bahaushe, Kirista ko Musulmi, akan kai wa maigida nasa kwanon a zaure ko a ɗakinsa, ya ci shi kaɗai ko tare da baƙinsa. Uwargida kuwa sai ta gama raba wa kowa sa'an nan ta ci nata, sau da dama a bakin murhu, yaro a baya, wani yana jan zane. Akwai iyayenmu da suka shekara 30 ko 40 da aure, sun haifi 'ya'ya sun aurar, amma hannuwansu ba su taɓa haɗuwa a kwano ɗaya ba. Ba mu ce ba su ƙaunaci juna ba, domin mun ga haƙurinsu da amincinsu, mu ne ma muka ci moriyarsa. Sai dai su a zamaninsu suna da gona da suke zuwa tare, da hirar tsakar gida a farin wata. Ma'auratan yau a Kano fa? Miji ya fita da asuba, mata ta tafi makaranta ko asibiti ko kasuwa, su dawo a gajiye cikin A Daidaita Sahu, ɗaki ɗaya ko biyu na haya cike da yara da ƙanne, kowa kuma ya duƙufa a kan wayarsa. Ranar Lahadi maza suna gefe guda a majami'a, mata suna gefe guda. Talata akwai Zumuntar Mata, wata rana koyon waƙa, wata rana taron kwamiti. Yaushe Baban yara da Maman yara za su zauna su tambayi juna abin da ke damunsu?

Dattawan da suke zaman sulhu su ne shaidunmu. Yawancin ƙarar da take zuwa gabansu ba a rana ɗaya ta taso ba. Ƙananan maganganu ne da ba a sami wurin faɗarsu ba, kamar kuɗin makaranta, da ɗawainiyar dangin miji, da bashin da aka ɓoye, da kalmar da aka yaɓa wa mutum gaban yara, suka taru shekara da shekaru. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'o'i biyu na zama fuska da fuska ba za su gyara kome da kome ba, amma sun isa a ga tsagar tun tana ƙarama.

Bikin godiya da ya manta da masu shi

Wani zai ce ai muna da hanyarmu ta tunawa da aure, wato sujadar godiya. Gaskiya ne, kuma abu ne mai kyau ma'aurata su fito gaban jama'a su gode wa Allah, musamman a cikar shekara 25 ko 50. Amma mu dubi yadda abin ya koma. Sai an fitar da anko, a yi hayar rumfa da kujeru, a buga kalanda, a sayi robobin rabo, a dafa shinkafar mutum ɗari biyu. Uwargidan da ake yi dominta ita ce ta kwana a madafa tare da mata, maigida kuma yana ta lissafin abin da ya rage a biya. A ƙarshe kowa ya ci ya ƙoshi ya tafi da ledarsa, su biyun ne kaɗai ba su ce wa juna uffan ba tun safe. Idan za mu yi zancen ɓarnar kuɗi, to, mu auna da mudu ɗaya. Kuɗin rumfa da kujeru kaɗai yakan fi na abincin mutum biyu.

Zancen kunya kuma muna girmama shi, domin kunya ado ce a gare mu. Matar da ba ta kiran sunan mijinta saboda alkunya ba ta yi laifi ba. Amma kunyar da za ta hana miji ya ce wa matarsa na gode bayan shekara 20 tana ɗawainiya da shi, ta wuce gona da iri.

Jan kunne ga matasanmu

Yanzu mu juyo kanku, 'ya'yanmu da ƙannenmu. Na fari, zancen kuɗi. A 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, jihar Kano kuma ta sa nata 71,000. Idan aka raba wannan a kwana 30, bai kai naira 2,400 a rana ba. A ce abincin mutum biyu ya tashi naira 30,000, to, ya cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan albashi a zama ɗaya, ban da kuɗin mota. Ku tuna kuma farashin da ke kan takardar jerin abinci ba lalle ne shi ke nan ba, domin akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 tun 2020, waɗansu wurare kuma sukan ƙara ladan masu hidima. Ba abin kunya ba ne mutum ya tambayi farashi kafin ya sa a kawo. Wanda ya taɓa kuɗin makarantar yara, ko ya ci bashi a manhajojin rance na waya domin daren kyandir, ya sayo wa gidansa rigimar da za ta daɗe bayan ɗanɗanon ya wuce. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, zancen hoto. Idan rabin zaman ya tafi wajen ɗaukar faranti a waya domin a sa a Facebook da WhatsApp, to, don jama'a aka fita. Hoton nan kuma yakan shiga gidan wani ɗan'uwa da ba shi da hali, ya zama sanadin gori tsakaninsa da matarsa. Ku kife wayoyin, ku dubi juna.

Na uku, zancen shaidarmu a gari. Teburin Italiyawa a ƙasarsu da ruwan inabi yake tafiya. Yawancin ekklesiyoyinmu sun hana membobinsu shan barasa, jihar Kano kuma ta kama tsarin Shari'a tun 2000, ta kafa hukumar Hisba a 2003. Mu 'yan kaɗan ne a cikin garin nan, abin da mutum ɗaya ya yi da sunan dukanmu ake faɗarsa. Ku zaɓi wuri mai mutunci, ku yi shiga ta kamala, ku koma gida da wuri. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna fita da iyalansu cin abinci, ba wanda zai ga laifin miji da mata da suka zauna cikin natsuwa.

Abin da muke roƙo a yi

Muna roƙon dattawa da fastocinmu su riƙa ambaton ma'auratan da ranar aurensu ta faɗo a cikin wata, a yi masu addu'a a sujada, ba tare da an ɗora masu baiko na musamman ko dafa wa jama'a abinci ba. Masu koyar da waɗanda ke shirin aure su sa wannan a cikin darasinsu, cewa ranar aure rana ce ta zama a yi lissafin shekara, a gode wa juna, a nemi gafarar juna, a shirya ta gaba.

Muna roƙon Zumuntar Mata ta tsara yadda iyalai za su riƙa karɓar wa juna yara na yamma ɗaya. Abin da ya fi hana ma'aurata fita shi ne rashin wanda za a bar wa yara, kuma wannan taimako ba ya cin ko kwabo. Gwaurayenmu da suka rasa abokan zamansu kuma, kada mu manta ranar nan takan yi masu nauyi. A kai masu ziyara, a ci tare da su, gama zumunta a ƙafa take.

Ga magidanta kuwa, wanda Allah ya hore wa, ya kai matarsa gidan abincin Italiya ya biya da zuciya ɗaya, kada kowa ya yi gunaguni a kansa. Wanda zai iya tara ɗan abu kaɗan-kaɗan a asusu tun daga farkon shekara, ya yi hakan. Wanda ba shi da hali kuma, ga taliya 'yar murji, ga gurasa da tsire, ga tabarma. Ya aika yara gidan Goggo, ya hana uwargida shiga madafa a ranar, ya sayo da kansa ya zuba a kwano ɗaya. Mai sha'awar fita yana iya ɗaukarta su zaga Gidan Makama ko su hau Dutsen Dala da la'asar su hango birnin, sa'an nan su zauna su ci abin da aljihu ya iya.

Iyayenmu dattawa, ku muke so ku fara. Ranar da matasa suka ji cewa Baba da Mama sun zauna su biyu sun ci tare domin cikar shekara 40 da aurensu, ba za a ƙara jin gardamar nan a ƙofar majami'a ba. Ubangiji ya tsare gidajenmu, ya ƙara ƙauna da haƙuri tsakanin ma'auratanmu. Amin.