Labulen da Muke Biya

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin Abuja zuwa Landan ya san wannan ɗan tattakin. Kafin mu kai kujerunmu na can baya, sai an ratsa da mu ta sashen manya, wanda ake kira ajin 'yan kasuwa. Muna jan jakunkuna, su kuwa har an miƙa musu lemo a kofin gilashi. Da jirgi ya tashi sai a ja labule.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, wurin akwai daɗi. Ana jiran jirgi a ɗaki na musamman, ba bin layi. A ciki ga tawul mai ɗumi, ga abinci a faranti wanda kai ka zaɓa. Ka danna maɓalli, kujera ta miƙe ta zama gado, ka ja bargo ka yi barcin fiye da awa shida. Mu a baya gwiwa na dukan kujerar gaba, wuya ya sage, na kusa da kai yana gyangyaɗi a kafaɗarka. Ɗan Kantin Kwari da ya sayi wannan gadon da guminsa, Allah ya ƙara buɗi, ba da shi muke ba.

Da masu kwanciya da kuɗinmu muke. A 2019 gwamnatin Buhari ta fitar da ƙa'idar rage kashe kuɗin tafiye-tafiye, amma a cikinta aka bar wa ministoci da manyan sakatarori wannan sashe. Tsimin ke nan. A 2023 sunaye 1,411 aka rubuta daga Najeriya a taron sauyin yanayi na Dubai, gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi. Kawai! Nawa ne a cikinsu suka miƙe ƙafa a gadon da ya cinye wurin mutum biyu ko uku, a hanyar zuwa wa'azin rage hayaƙi?

Za a ce mana babban jami'i yana bukatar ya sauka da ƙarfinsa domin ya wakilce mu. To, kuɗin guzurin da ake ba shi na kowane dare ai na otal ne, ya je ya huta a can. Kuma sau nawa tafiyar ma ta aiki ce? A jirgi ɗaya za ka ga likitan da asibitin gwamnati ya gajiyar, a takure a baya, ya kwashi takardunsa zai koma Ingila. A gaba kuma ga wanda ya ƙi gyara asibitin, a kwance, za shi duba hawan jini, wataƙila a hannun abokin karatun wancan likitan.

Ba mu ce su tafi a ƙasa ba. Kowace ma'aikata ta riƙa wallafa sunan wanda ya yi tafiya, da inda ya zauna, da abin da aka biya. Baitulmali ya sayi kujerar baya, mai son gado ya cika ragowar daga aljihunsa.