Tsaya wa Baƙo Kaya Ne, a Auna Kafin a Ɗauka



Bara da muka komo daga dogon hutu, abokaina na ɗakin kwana sun yi ta yi mini tsiya wai akwatina ya rame. Gaskiya suka faɗa. Gari kwano ɗaya ne a ciki maimakon biyu, babu madara, sukari ɗan ƙulli ne, ƙuli-ƙulin ma Innata ce ta ɗebo mini daga na sayarwarta. Na taya su dariya, ban ce musu kome ba. To, yau ga dalilin, kuma sai da na nemi izinin Babana kafin in rubuta shi, domin ina ganin a cikinsa akwai abin da ya shafi gidaje da yawa.

Babana ma'aikaci ne a wani kamfanin fata a Challawa, ya kai shekara 17 a wurin, har ya zama heluma. Asalinmu mutanen Tasawa ne ta ƙasar Nijar, saboda haka duk wanda ya taso daga can zuwa cin rani, zaurenmu ne masauƙinsa na farko. Wata rana wani saurayi ya zo da saƙon gaisuwa daga dangi, yana neman aiki. Babana ya kai shi wurin aikinsu, aka ce za a ɗauke shi a sito, amma sai wani ya tsaya masa. Aka miƙo fom ɗin garanto, Babana ya manna hotonsa, ya sa hannu. Bai tambayi ko nawa ne iyakar abin da zai iya hawa kansa ba, bai kuma tambayi ranar da nauyin zai sauka ba. Shi dai a ganinsa ya yi zumunci.

Wata bakwai ana zaune lafiya. A na takwas aka wayi gari babu saurayin, babu kuma wani ƙaramin injin jan ruwa da ke cikin siton. Aka kira Babana ofis, aka buɗe masa takardar da ya sa wa hannu, aka ce za a riƙa cire kuɗin injin daga albashinsa har wata goma. Abin da ya ramar da akwatina ke nan. Shi ne kuma ya sa aka ɗage sayen keken ɗinkin da aka yi wa yayata alkawari.

Amma asarar da ta fi ciwo ta zo daga baya. Ana cikin wata na huɗu na biyan, sai ga ɗan Gwaggona, wadda aka aurar can gida, ya iso. Yaro ne mai natsuwa, ya sauke Alkur'ani, ya iya lissafi, duk garinsu an shaide shi. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, Inna ta ce in zo wurinka, kai ne ubana a Kano." Babana ya sake tafiya ofis da fom a hannu. Ma'aikacin ya dube shi ya ce, "Malam, sunanka yana cikin littafin masu biya. Sai ka gama wannan tukuna, sa'an nan mu ga abin da hali zai yi." Ya zagaya wurin abokan aikinsa ko wani zai tsaya wa yaron, kowa ya noƙe, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, su kuwa sun ga saran da idonsu. Yau ɗan Gwaggona kurar ruwa ya ke turawa a unguwa. Bai ɗauki allurar kowa ba, amma shi ya biya rabin bashin wancan saurayi.

Wannan shi ne abin da na ke so mu fahimta. Tsaya wa baƙo bashi ne mai wutsiya. Ba ya ƙarewa ranar da aka sa hannu, kuma in ya ɓaci, bayan aljihun mai lamuni da ya ke ci, yana rufe ƙofa ga duk mai zuwa a baya.

Wani zai ce, to ai maganin mai sauƙi ne, kada kowa ya sake tsaya wa kowa. Na ji manya da yawa suna faɗin haka, har wani maƙwabcinmu ya rantse ko ɗan cikinsa ba zai sa wa hannu ba. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilina. Kakana ya shigo Kano a 1974, lokacin babban farin nan da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙasashen Sahel. Ya zo da sanda da buta kawai. Wani dattijo da bai haɗa kome da shi ba ya sauke shi, ya kai shi wata masaƙa a Bompai, ya ce, "Wannan nawa ne." Da wannan kalma ya sami aiki, ya yi gida, ya haifi Babana. Da a ce dattijon ya yi irin rantsuwar maƙwabcinmu, da yau ba na cikin wannan makaranta. Ku duba gidajenku, jama'a. Da wuya ka sami wanda bai da irin wannan dattijo a tarihinsa.

Al'adar kuwa ta girmi masana'antu nesa ba kusa ba. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, kowane zango yana da fatoma, mai saukar baƙi, mai ajiye musu kaya, mai haɗa su da dillalai. A Sabo ta Ibadan, mai gida ne ke tsayawa tsakanin mai shanun da ya zo daga arewa da mahaucin da zai ɗauka bashi, in mahauci ya ƙi biya, shi mai gidan ke fitar da kuɗi. Sai dai fa waɗannan mutane sun san abin da su ke yi. Fatoma ya san baƙonsa, ya san ubangidan baƙonsa, yana da la'adarsa, yana kuma da ƙarfin da zai ɗauki asara in ta zo. Mu mun gaji karamcinsu, amma mun bar lissafinsu a baya.

Abin mamaki, masu kamfanonin da iyayenmu ke yi wa aiki su ma masu tsaya wa baƙi ne. Tun zamanin Turawa Kwara suka shiga harkar masana'antu a Kano, daga baya Indiyawa da 'yan ƙasar Sin suka biyo. Kamfanin da ke Sharada ko Bompai ba shi da ikon kawo injiniya daga waje sai ya sami izini daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wanda ke ƙayyade yawan guraben da aka ba shi. Sa'an nan ya rubuta wa Hukumar Shige da Fice cewa ya ɗauki nauyin wannan baƙo, har da mayar da shi ƙasarsu in ta kama. A ƙarshen 2018 an ninka kuɗin katin zaman irin waɗannan baƙi daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara. A watan Fabrairu na 2024 gwamnati ta ƙago wani sabon haraji, dala 10,000 a kan kowane ma'aikaci, dala 15,000 a kan darakta, amma masu masana'antu suka yi ca, aka dakatar da shi a watan Maris. Me ya sa suka yi ca? Domin sun zauna sun lissafa. Attajiri mai kamfani ba ya kawo baƙo ɗaya sai ya san nawa zai ci masa, amma lebura mai ƙaramin albashi, wanda doka ta kai naira 70,000 a 2024, shi ke sa hannu ido rufe a kan kayan da suka fi albashinsa na wata shida.

Ƙasashen da suka daɗe suna karɓar baƙi sun rubuta abin dalla-dalla. A Amurka, wanda ya tsaya wa ɗan'uwansa ya shigo, nauyin yana kansa har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa ko ya yi aikin da ya kai kimanin shekara goma, kuma ko mata ce aka kawo aka rabu da ita, saki ba ya sauke nauyin. In ya tashi kawo wani kuma, sai an ƙirga na farkon a cikin iyalinsa, a ga ko samunsa zai ɗauka. A Kanada, galibi mai kawo mata ko miji yana ɗaukar nauyin shekara 3, mai kawo iyaye shekara 20. In baƙon ya karɓi taimakon gwamnati a cikin wannan lokaci, mai lamunin ne zai biya, kuma ba za a bar shi ya kawo wani ba sai ya biya. Ashe abin da aka gaya wa Babana a Challawa shi a ke gaya wa mutane a can. Bambancin kawai, su tun ranar farko a ke faɗa musu shekara nawa ne, mu kuwa sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Akwai kuma wasu da ke ganin abin kunya ne mutum ya tsaya tambayar sharaɗi a kan ɗan'uwansa. Su kan ce baƙonka annabinka, yaya za ka hau binciken wanda ya zo ƙofarka? Ina girmama wannan magana, amma saukar baƙo daban, lamuni daban. Tuwo da tabarma kowa ya cancanta, ko daga ina ya fito. Sa hannu kuwa alkawari ne da abincin iyalinka. Malaminmu na addini ya nuna mana cewa aya mafi tsawo a Alkur'ani, a cikin Suratul Baƙara, magana ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma lamuni yana da babinsa a littattafan fiƙihu. In addini bai ɗauki lissafi abin kunya ba, don me mu za mu ɗauka?

Saboda haka ga 'yan shawarwarina, in manya za su yi haƙuri da ƙaramin baki.

Na farko, iyayenmu, kada ku sa hannu sai kun ji amsar tambaya uku: nawa ne iyakar abin da zai hau kaina, har zuwa yaushe, kuma yaya zan janye in na ga alamar da ban gamsu da ita ba? In babu amsa a rubuce, ku nemi a rubuta. Ku kuma san mahaifin yaron da mai garinsu, kada gaisuwar baki kawai ta ishe ku.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar 'yan asalinsa a Kano, ana taruwa don biki da gaisuwar mutuwa. Me zai hana a buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu a wata, ƙungiya ta tantance wanda za a tsaya wa, in asara ta zo a raba ta? Da mutanen garinmu talatin sun raba kuɗin injin nan, da an biya cikin wata ɗaya, da kuma ɗan Gwaggona yana bakin aikinsa. Yaron da ya san idon mutum talatin na kansa kuwa, zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa hannu.

Na uku, masu kamfanoni su ma da nasu. Ma'aikacin da ya yi shekara biyu ba a kama shi da laifi ba, ai halinsa ya zama garantonsa, sai a sauke wa mai lamuni nauyi, a ba shi takardar shaida. In kaya ya ɓace, a yi bincike sosai kafin a taɓa albashin kowa. Kuma laifin mutum ɗaya kada a shafa wa garinsu duka. Mun karanta a darasin tarihi yadda a watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, mutane wajen miliyan biyu suka fita, mai laifi da marar laifi a mota ɗaya. Irin wannan jam'u bai kamata ya zama ɗabi'ar ofisoshinmu ba.

Na huɗu, kai baƙo, ka sani ba kai kaɗai ka shiga ƙofar nan ba. Ƙannenka da ke gida suna jiran damina ta wuce, a bayanka su ke. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. In wahala ta ishe ka, ka je ka gaya wa wanda ya tsaya maka, ku yi sallama da rana tsaka.

Na ƙarshe namu ne, mu ɗalibai. Da yawa daga cikin iyayenmu fom ɗin nan da Turanci a ke miƙa musu, su sa hannu a tsaye. Ranar da Babana ya kawo nasa gida ina nan, hutu mu ke yi, amma ƙwallo na tafi. Da na zauna minti goma na karanta masa, wataƙila da ya yi tambaya. Wannan abu yana damuna har yau. Ilmin da a ke ciyar da mu a koya mana, in bai yi amfani a zauren gidanmu ba, ina zai yi?

Babana ya gama biya a watan jiya. Na tambaye shi ko zai sake tsaya wa wani. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wanda ya tsaya wa kakanka ya rasu ban biya shi ba, ɗana. Zan koma ofis saboda ɗan Yaya, amma wannan karon kai za ka karanta mini." Na ce to, Baba.

Allah ya ba mu baƙi na gari, ya sa mu ma mu zama na gari in mun je garin wasu, amin.