Sharhi: Yajin Karatu Don Sauyin Yanayi da Yaran Agege

Sharhinmu na yau ra'ayin malamin makaranta ne daga nan Agege da ke Ikko, a kan tambayar da ɗalibai ke yi tun da waya ta kawo musu labaran duniya har cikin ɗaki: "Malam, yaran Turai suna barin aji su fita zanga-zanga saboda sauyin yanayi, mu me ya hana mu?"

Abin ya samo asali ne a watan Agustan 2018, lokacin da wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Greta Thunberg ta ƙi shiga aji, ta je ta zauna a ƙofar majalisar dokokin Suwidin da kwali a hannu. Daga baya ta mayar da zaman duk ranar Juma'a, yara a wasu ƙasashe suka bi sahu. Ranar 20 ga Satumban 2019 miliyoyin mutane suka fito a faɗin duniya, har birnin New York ya ba ɗalibansa sama da miliyan ɗaya izinin fita muddin iyayensu sun yarda. A Yuganda an ga Vanessa Nakate, a nan gida kuma Adenike Oladosu ta ɗauko maganar Tafkin Chadi ta kai ta tarukan duniya.

Kukan nan nasu gaskiya ne, mu Hausawan Ikko kuwa ba sai an ba mu labari ba. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita dubu 25, ya janye ya bar masunta da makiyaya a tsaye. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri. Iyayen ɗalibanmu da yawa da sunan ci-rani suka zo, gonar da suka bari ta daina ciyar da gida, zaman ya zama na dindindin. Duk da haka, hayaƙin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai kai kashi huɗu cikin ɗari na duniya ba. Yaron da ya ji wannan ya fusata, ba a ce ya yi rashin kunya ba.

Inda na saɓa da su shi ne wajen barin aji. Yaji ba ya tasiri sai in rashin mai yinsa zai hana wani barci. A Suwidin kowane yaro yana da kujerarsa, in ya yi fashi sai an bi ba'asi, shi ya sa zaman yarinya ɗaya ya zama labari. A ƙasar da UNICEF ta ce sama da yara miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, kuma yawancinsu 'yan Arewa ne, wa zai girgiza don kujera ta kwana babu kowa?

Ku zo ajinmu da safiyar da aka kwana ana ruwa. Lambatu ya toshe da ledar fiya-wata da robobin abinci, ruwan kwata ya hau titi. Waɗanda suka iso za ka gan su da takalma a hannu, littattafai ƙunshe cikin leda, wando a jiƙe har gwiwa. Ka buɗe rajista ka fara kira, sai ka ji ana amsawa: "Malam, ruwa ya shiga ɗakinsu." "Malam, tana taya Inna kwalfe ruwa." Ranar da babu ruwa kuma talla ta ɗauke wata, aikin mayankar Oko-Oba ya ɗauke wani. Damina da talauci sun riga sun ƙwace wa yaran nan kwanaki masu yawa. In muka ƙara musu da Juma'a, ai mun taya ɓera ɓari.

Sai maganar tsaro, wadda babu uban da zai yi wasa da ita. Mazauna Ikko ba su manta da harbin da aka yi wa masu zanga-zanga a Lekki a Oktoban 2020 ba. Mun kuma ga yaran Arewa da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, aka gurfanar da su a kotun Abuja a watan Nuwamba, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Malamin da aka danƙa wa amanar 'ya'yan mutane ba zai buɗe musu ƙofa zuwa irin wannan titi ba. Ku tuna da 'ya mace kuma. Uban da ya daure wa surutun dangi ya bar 'yarsa ta shiga sakandare, ranar da aka ce masa an gan ta a mahaɗar Pen Cinema da kwalin zanga-zanga a lokacin darasi, wataƙila ranar ce ƙarshen karatunta.

To amma bai kamata amsarmu ta tsaya a "zauna ka yi shiru" ba. Dokar sauyin yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2021 ta tanadi a shigar da wannan ilimi cikin manhajar karatu, kuma malami ba sai ya jira takarda daga Abuja ba. A yanka gorar ruwa a mayar da ita ma'aunin ruwan sama, yara su riƙa rubuta abin da ya sauka kullum, malamin lissafi ya yi darasi da alkalumansu. A zana taswirar unguwa, a sa alama duk inda magudana ta toshe. A darasin Turanci su rubuta wasiƙa ta gaske zuwa ga kansila, da hukumar kwashe shara ta LAWMA, da ɗan majalisar jiharsu a Alausa. Gwamnatin Legas ta haramta robobin abinci na kumfa tun Janairun 2024. Su zagaya su gani ko dokar tana aiki, su kawo rahoto.

Yashe kwata ba zai rage hayaƙin masana'antun Amurka da Sin ba, wannan a teburin gwamnatoci ake yanke shi, da hujja da alkaluma. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙinta zuwa shekarar 2060. Yaron da ke ajin farko na sakandare yau ba zai kai shekara hamsin ba a lokacin. Shi zai zauna a wancan tebur, ko kuma wani ya zauna ya yanke masa hukunci, kuma sakamakon jarrabawar WAEC yana cikin abin da zai raba.

Idan fita ta zama dole, to manya ne ya kamata su fita. Sarakunan Hausawa, limamai, shugabannin kasuwa da ƙungiyar iyaye da malamai, ku ɗauki wasiƙun yaran nan ku kai su da kanku, ku koma ku tambayi inda aka kwana. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe fushinku, yana kan gaskiya, amma ku shigo da shi aji ranar Juma'a, mu yi aiki da shi tare.