Ƙudan mangwaro da ƙaramin zanzaron da ke kashe shi

 Duk wanda ya taɓa sarin mangwaro daga lambunan Jiratawa ko na bakin gulbi wajen Tibiri, ya kasa shi a unguwar Zariya, ya san ciwon wannan sana'a da zarar ruwan farko ya sauka. Ɗa lafiyayye a ido, bayan kwana uku ya yi tabo, a yanka a tarar da tsutsa. Mai saye ya zargi mai talla, mai talla ya zargi mai garka, alhali kuwa mai laifin ƙuda ne.

Muna da namu na gado, wanda masana ke kira Ceratitis cosyra. Amma wanda ya fi ɓarna baƙo ne daga Asiya, Bactrocera dorsalis, da aka fara gani a Kenya a 2003, kafin ƙarshen 2004 har ya iso Benin da Senegal. Macen ce ke huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai. Tsutsa ta ci, ɗan ya faɗo, ta shige ƙasa ta dunƙule kamar ƙwarar shinkafa ja, daga nan sabon ƙuda ya fito.

To, Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Akwai wasu ƙananan zanzaro, ba su kai ƙudan girma ba, ba sa harbin mutum, ba sa ginin laka. Aikinsu su sa nasu ƙwai cikin ƙwai ko tsutsar ƙudan, ɗansu ya cinye ta daga ciki. Mutanen jihar Maraɗi ba baƙin wannan dabara ba ne. Tun 2006 masu bincike na INRAN, cikinsu har da Malam Ibrahim Bawa, suka riƙa rataya ƙananan buhuna a ƙauyuka, da hatsi da tsutsa da matan zanzaron Habrobracon hebetor a ciki, domin yaƙi da murzuna mai cin zangarniyar hatsi. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: zanzaron murzuna ba shi ne na ƙudan mangwaro ba. Nan ne sanin wane ne wane ya zama wajibi.

Bambance shi da ƙuda ba wuya. Ƙuda fiffike biyu gare shi, da gajerun ƙahoni. Zanzaro fiffike huɗu, da dogayen ƙahoni kamar zare, da siririn ƙugu, macen kuma tana jan wani tsinke a bayanta wanda da shi take huda. Wuyar tana wajen bambance zanzaro da ɗan'uwansa. Wannan sai da madubin ƙara girma, a duba jijiyoyin fiffike, da siffar baki, da tsawon tsinken. Ba kuma neman suna ba ne don a burge jama'a. Fopius arisanus ƙwan ƙudan yake nema, dangin Psyttalia kuwa tsutsa suke bi. Psyttalia cosyrae ya iya da ƙudanmu na gado, amma in ya sa ƙwai cikin tsutsar baƙon, jikinta kan kashe ƙwan. Wanda ya kashe kuɗin hukuma ya hayayyafa wanda bai dace ba, ya yi shuka a idon makwarwa.

Abin mamaki, tun 1912 wani masani ɗan Italiya, Filippo Silvestri, ya zo Afirka ta Yamma neman irin waɗannan zanzaro domin manoman tsibirin Hawai. Sai ga shi a 2006 cibiyar icipe ta Nairobi ta ɗauko Fopius arisanus daga Hawai ɗin, daga baya aka sake shi har a Benin. Shi kuwa ya fi son wuri mai laima, saboda haka a ganina, kafin a yi zancen kawo shi Jiratawa mai zafin bazara, a fara ƙidaya waɗanda muke da su.

Wannan ƙidaya ba ta bukatar jirgi. A tsinci mangwaron da ya faɗi, a aza shi kan rairayi cikin bokiti, a rufe da yadi mai shara-shara. Bayan kwana goma a tankaɗe rairayin, a zuba ƙwarorin nan ja cikin kwalba, a jira mako biyu ko uku. Abin da ya fito a sa shi cikin alkol, a rubuta wuri da rana, a kai wa malaman kare tsirrai ko cibiyar INRAN ta Tarna.

Saura mai garka. Feshi barkatai zanzaron yake fara kashewa, tsutsa kuwa tana kwance lafiya cikin ɗan itace. Binne ruɓaɓɓen mangwaro cikin rami mai zurfi yana rage ƙuda, amma har da zanzaron yake binnewa. Abin da ya fi shi ne ɗan tanti rufaffe da ake zuba faɗaɗɗen mangwaro ciki, da tagar raga a sama: idon ragar ya ishi zanzaro fita, bai ishi ƙuda ba. Tela na iya ɗinka shi, amma malamin gona ya kamata ya zaɓi ragar, domin ta gidan sauro ta kan yi ƙanƙanta.